Jitar Lantarki Da Darasin Da Muke Kwafa A Allo

'Yan uwa malamai, akwai wani darasi a jadawalin makarantunmu wanda kusan dukkanmu mun san irin riƙon da ake yi masa, amma ba mu cika son a tayar da maganarsa ba. Darasin al'adu da fasaha ne, wanda muka fi sani da CCA, musamman ɓangarensa na kiɗa. Idan lokacinsa ya yi, malami zai ɗauki alli ya rubuta ma'anar kiɗa a allo, ya jera kayan kiɗa gida-gida, na bugawa da na busawa da masu tsirkiya, yara su kwafa, a karɓi littattafai a sa jan biro. Ranar jarrabawa yaro ya zubo abin da ya haddace ya ci maki 8 cikin 10, alhali tun daga aji 1 har ya fita aji 6 hannunsa bai taɓa abin kiɗa ko ɗaya ba. Haka aka yi mana, haka mu ma muka shekara da shekaru muna yi wa 'ya'yan mutane. Ra'ayinmu shi ne wannan riƙo cin amanar darasin ne, kuma gyaransa zai fara ne daga ranar da mu malamai muka yarda mu koma ɗalibai, mu koyi abin kiɗa guda da hannunmu. Ba a littafi muka tsinci wannan ra'ayi ba. Wata tsohuwar jita ce ta tilasta mana shi.

Mu huɗu ne a makarantarmu, maza uku da mace ɗaya, kowanne ya haura shekara 40, kowanne da takardarsa ta NCE. Bara muka ware wani abu daga kwasar adashinmu muka sayi jitar lantarki ta gwanjo, da ɗan ƙaramin amfilifaya wanda murfinsa ya tsage. Wanda ya yarda ya koya mana kuwa tsohon ɗalibinmu ne, saurayi da yanzu yake kaɗa jita a wuraren biki. Za mu dawo kansa, domin labarinsa shi ne ɓangaren da ya fi yi mana nauyi.

Ranar farko mun zo da ɗoki, kowa na so a jona waya a ji ƙara. Ya ƙi. Ya ture amfilifayar ƙarƙashin tebur, ya ce sai bayan wata guda. A ranar ba abin da muka yi sai saiti. Jita tana da tsirkiya 6, daga mai kauri zuwa siririya ana kiransu da haruffa E, A, D, G, B, E, kuma kowacce tana da kunnenta a can saman wuya, wanda ake murɗawa a ɗaure ta ko a sassauta. Akwai manhaja a waya da ke nuna maka ko tsirkiya ta hau ko ta sauka, amma ya ce mu fara da kunne. Idan ka danne tsirkiya ta 6 a gaɓa ta 5, sautinta zai zama ɗaya da na tsirkiya ta 5 a sake. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai dai tsirkiya ta 3, wadda ake dannewa a gaɓa ta 4. Magana ce mai sauƙi a baki. A aikace mun shafe kusan sa'a guda muna gardama kan ko sautuka biyu sun haɗu ko ba su haɗu ba, mu da muke koyar da cewa sauti yana da hawa da sauka. Da hunturu ya shigo kuma muka gane cewa saiti ba abin yi sau ɗaya ba ne: katako yana bushewa, tsirkiya tana saki, duk ranar da ka ɗauki jita sai ka sake saita ta kafin ka kaɗa komai.

Gaɓoɓin nan da muka ambata su ne 'yan siraran ƙarafa da aka gitta a wuyan jita, kuma a kansu aikin hannun hagu yake. Ana danne tsirkiya da kan yatsa, dab da bayan ƙarfen, babban yatsa yana tallabe da wuyan ta baya, farata a yanke ƙwal. Ka matsa nesa da ƙarfen, tsirkiya ta yi zuza kamar ƙudan zuma. Ka hau kansa, sauti ya mutu. Ka danne da ƙarfin tsiya, hannu ya gaji kafin minti 5, sautin ma ya karkace. Atisayen da ya ba mu ba shi da daɗin ji ko kaɗan: yatsa ɗaya ga kowace gaɓa, 1, 2, 3, 4, a kan kowace tsirkiya, a sauka a hau. Ƙaramin yatsa ya yi mana tawaye, ka ce masa ya sauka nan ya miƙe can kamar ba naka ba. Kan yatsu ya yi ja, ya yi zafi, riƙon alli ma ya zama aiki, sai bayan 'yan makonni fatar ta yi kanta zafin ya tafi. An ce mana tsirkiyar jitar lantarki ta fi ta jitar da ba ta lantarki laushi da siranta, don haka ta fi sauƙi ga mai koyo. Idan wannan ce mai sauƙin, to Allah ya jiƙan masu koyon ɗayar.

Da yake jitar guda ce, a ofishin malamai take kwana, kowa yana ɗaukar minti 15 bayan an tashi. Da farko mun ɗauka ƙarancin lokacin cikas ne. Daga baya muka ga wanda ke yin minti 15 kullum ya wuce wanda ya tara nasa ya yi sa'a biyu ranar Asabar, ya wuce shi nesa ba kusa ba. Mun san wannan game da karatun yara tun muna kwaleji, amma ba mu taɓa jin sa a jikinmu ba.

Daga nan aka shiga haɗin sauti, wato danne tsirkiya biyu ko uku a kaɗa su tare. Na farko yatsu biyu kawai yake buƙata, a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 5 da ta 4, kuma ranar da ya fita tas sai da muka tafa wa juna kamar 'yan aji 1. Riƙe haɗi ɗaya ba wuya. Wuyar tana wajen tashi daga wani zuwa wani ba tare da kiɗan ya tsaya yana jiranka ba. Akwai kuma haɗin F, inda yatsa manuni zai kwanta a kan tsirkiya 6 gaba ɗaya. Wannan har yau mutum ɗaya ne cikinmu yake fitar da shi.

Amma inda muka fi shan mamaki shi ne hannun dama. Duk mai kallon makaɗin jita hannun hagu yake kallo, domin shi ke yawo a wuya. Ashe ran kiɗan yana ɗaya hannun, wanda ke riƙe da ɗan farcen roba yana kaɗawa ƙasa da sama. Kari a nan yake. Malaminmu ya kunna mana wata manhaja mai bugawa kamar agogon bango, bugu 60 a minti, ya ce mu kaɗa tsirkiya ɗaya tak a kan kowane bugu, ƙafa tana taka ƙasa tare da shi. Mu maza uku muka dinga riga bugun ko mu makara. Malamar da ke cikinmu kuwa ta zauna a kansa daram tun gwajin farko. Da muka tambaye ta sirrin, ta yi dariya ta ce duk yarinyar da ta yi gaɗa a dandali, ta yi lugude da yayyenta a turmi ɗaya, ta san abin da zai sami taɓaryarta in ta sauka ba a lokacinta ba. Wannan magana ta tsaya mana a rai. Yaran da ke zaune gabanmu suna zuwa makaranta da kari a jikinsu, daga tafi da tsalle da waƙoƙin wasa, mu kuma sai mu zaunar da su mu ce su rubuta ma'anar kari.

Da wata ya cika aka jona amfilifaya, muka gane dalilin da ya sa ya ɓoye ta. Jitar lantarki curin katako ce, ba ta da ƙoƙon da ke tara sauti irin na gurmi ko garaya. Abin da take da shi maganaɗisu ne a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ta haifar da ɗan ƙanƙanin lantarki a cikin wayar, shi ne ke bi ta igiya zuwa amfilifaya a ƙara masa ƙarfi ya fito ta lasifika. Maganaɗisun nan ba ya zaɓe. Sautin da ka yi niyya da wanda ba ka yi niyya ba duk ɗauka yake: gogar yatsa, tsirkiyar da hannun riga ya taɓa, wadda ka kaɗa ɗazu ka manta tana ta kuka. Kiɗan da muke jin ya yi kyau a kashe sai ya fito kamar kasuwa ta ci. Nan muka koyi abu na ƙarshe cikin tushen, wanda ba mu taɓa zaton ana koyonsa ba, wato yin shiru. Gefen tafin hannun dama yana kwanciya a kan tsirkiyoyi masu kauri, yatsun hagu da ba su da aiki suna shafar sirara, domin tsirkiya ɗaya ta yi magana sauran biyar su kame baki. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji mai yara 70 ya san darajar wannan.

Bari mu ɗan ratse. Ƙarfe na 12 a wuyan jita yana daidai tsakiyar tsirkiya, kuma idan ka danne a nan sautin farko ne zai dawo, amma a sama. A gaɓa ta 7 kusan kashi biyu cikin uku na tsirkiyar ne ke girgiza, a ta 5 kuma kusan uku cikin huɗu. Mun auna da rula a gaban 'yan aji 5. Ga rabi, ga sulusi, ga rubu'i, kunne yana ji ido yana gani, ga kuma maganaɗisu da lantarki da muke fama da zana su a darasin kimiyya.

Yanzu ga maganar malamin namu. Lokacin da yake hannunmu a bencin baya yake zama. Ya maimaita aji 4. Biyu daga cikinmu sun koyar da shi, kuma ɗaya ya tuna sarai ya sha zane shi a kan jadawalin sau. A ofis, in sunansa ya taso, kalmar da muke amfani da ita ba mai daɗi ba ce, kun kuma san ta. Wannan yaro shi ne ya zauna gabanmu wata da watanni yana kallon manya huɗu suna kasa abin da shi yake yi ido rufe, bai taɓa ɗaga murya ba. In abu ya gagara sai ya raba shi biyu, in rabin ya gagara ya sake raba shi. Ranar da ɗayanmu ya yi fushi ya ajiye jitar ya ce shi kansa ba ya ja, sai ya ce, “Haba Malam, ba kai ba ne, yatsan ne bai saba ba. A sake, a hankali.” Wanda aka faɗa wa maganar shi ne mai bulalar. Bai ce komai ba a lokacin, amma a hanyar gida ya ce mana shekara 20 yana koyarwa, bai tuna ranar da ya faɗa wa yaro irin wannan ba. Mun daɗe ba mu zama marasa iyawa a gaban wani ba. Mun manta yadda kunya take kama mutum, yadda hannu ke rawa in ana kallonsa, yadda tsawa ɗaya za ta iya sa ka rantse ba za ka ƙara gwadawa ba. Ko da ba mu kai jitar aji ba, wannan kaɗai ya biya kuɗin adashin.

Mun san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mana a ofis. Na farko, ina kuɗi, ina wuta? Muna bin bashin ƙarin girma, rufin wasu azuzuwa yana yoyo, yara na zaune a ƙasa, sai a kawo mana zancen jita? Maganar tana da nauyi, kuma ba mu ce a sassauta neman haƙƙinmu ko da na rana ɗaya ba. Amma rashin kaya bai taɓa zama ƙarshen magana a harkar nan ba. A arewa da mu, cikin Abzinawa, jitar lantarki ta zama abin gida, har ba a cika biki a Agadas babu ita. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen ta ƙasar Mali wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake zagaya Turai da Amurka da kiɗa, shi ma da katako da wayar birkin keke ya fara, waƙoƙinsa kuma daga waya zuwa waya suka yaɗu kafin duniya ta san shi. Mu ma a nan gida, kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani, kuma da ita ya yi wa ƙasa duka magana. Batun wuta kuwa, mun riga mun faɗa: wata guda muka yi muna koyo ba a jona komai ba, kuma har yanzu yawancin atisayenmu a kashe muke yin sa.

Na biyu, me ya sa jita, kayan baƙi, ga gurmi ga kukuma ga kalangu? Gaskiya ita ce jita muka samu, mai koyar da ita muka samu, ita ce kuma yaran ke gani a waya suna sha'awa. Da mai gurmi muka samu da gurmi muka koya, kuma duk makarantar da ke da makaɗi a unguwarta ta neme shi. Saitin kunne, da horon yatsa, da riƙe kari, tushe ɗaya ne ko wane abu ka ɗauka. Sannan jitar ba ta yi mana baƙunta yadda muka zata ba. Jerin sauti na farko da ake koya wa mai son fitar da waƙa a kanta jeri ne mai sauti 5, biyu a kowace tsirkiya, kuma da muka iya shi sai muka ji waƙoƙin dandali da muka tashi da su suna faɗowa cikinsa da kansu. Idan ka tura tsirkiya sama da yatsa sautin ya miƙe ya dawo, abin da mai kalangu yake yi ke nan in ya matse tsarkiyar kalangunsa a hammata. Shi ya sa kiɗan Agadas, inda babban yatsa ke ta maimaita sauti ɗaya a ƙasa sauran suna waƙa a sama, bai taɓa zama baƙo a kunnen Bahaushe ba.

Na uku shi ne mafi girma, kuma ba za mu yi masa wasa ba. Iyaye da yawa ba sa son 'ya'yansu su kusanci kayan kiɗa, wasu don addini, wasu don a wurinmu kiɗa sana'ar gado ce da ake haɗawa da roƙo. Malaman addini sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, kuma mu malaman firamare ba mu da hurumin yanke wannan hukunci. Abin da muke da hurumi a kai shi ne kada a tilasta wa kowa. A makarantarmu ba yaron da ya taɓa jitar sai da mahaifinsa ya sa hannu a takarda, wasu sun ƙi, mun kuma girmama ƙinsu. Haka malamin da zuciyarsa ba ta kwanta ba, a bar shi, akwai zane da saƙa da wasan kwaikwayo a cikin darasin. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne halin da ake ciki, inda darasin ke cikin manhajar karatu, ana ba shi lokaci, ana ba shi maki, amma kowa ya san wasan yara ake yi. Batun raini kuwa, jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa tun yana raye, mu da muka fito daga kwalejojin ilimi bai kamata mu fi jami'a ƙyamar makaɗi ba.

Kada a ɗauka muna cewa jita guda za ta koyar da aji mai yara 70. Ba za ta iya ba, mun gwada. Abin da ya yiwu shi ne aji duka su riƙe kari da tafi, rabi a kan bugu rabi a tsakanin bugu, malami yana kaɗa haɗi biyu a kai. Ya yiwu a kaɗa sauti biyu a tambaye su wanne ne a sama. Ya yiwu kowane rukuni su kawo gwangwanin madara da sanda da waya su haɗa abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, su gano da kansu cewa ɗauri da tsawo su ke sauya sauti. Yara 10 da iyayensu suka amince suna tsayawa ranar Laraba bayan tashi, kuma cikinsu akwai wata yarinya da ke gane tsirkiya ta saki kafin manhajar waya ta nuna. A littafin maki, kafin wannan, tana cikin na ƙasa a CCA, domin rubutunta ba ya sauri.

Saboda haka muna roƙon shugabannin wannan reshe su duba abin da ke hannunsu. Zauren taron reshe a rufe yake yini yawancin ranakun Asabar. A buɗe shi sa'a biyu ga duk malamin da ke son koyon abin kiɗa, ko jita ko gurmi ko sarewa, a nemo masu iyawa cikin gari a biya su ɗan abin da ya sawwaƙa daga gudummawar masu zuwa. Idan kuma an zo shirya bita ta gaba, reshe ya nemi a ware zama ɗaya wanda za a yi da hannu, ba wanda za a raba mana takardu mu karɓi kuɗin mota mu watse ba. Sannan a kai maganar maki gaba: a bar malami ya ba da wani kaso na makin kiɗa a kan abin da yaro ya iya yi, riƙe kari ko bambance sauti, ko da sauran ya tsaya a rubuce.

Mun rubuta wa sakataren reshe muna neman a sa wannan batu cikin ajandar taron wata mai zuwa. Za mu zo da jitar, da amfilifayar mai tsagaggen murfi, da malaminmu in bai da biki a ranar. Wanda ke son gwadawa ya yanke faratan hannun hagu kafin ya taho.